Tiyatar da Aka Yi wa Goggo Ba da Saninta Ba

Jiya da safe na raka Goggo babban asibiti mu tambayi ranar da za a yi mata tiyata, sai muka tarar da albishir: ashe an riga an yi mata, har ta warke. Ita kaɗai ce labarin bai iske ba.

Goggo ƙanwar babana ce, tela ce, da keken ƙafa take ɗinki. Shekara biyu ke nan tana fama da ƙari a mahaifa. Cikinta ya taso har wata maƙwabciya ta fara tambayarta wata nawa, ga zubar jini da ya mai da tafin hannunta fari fat. Idan ta taka keke na rabin awa sai ta kifa goshi a kan teburin ta jira jiri ya wuce.

Likitar da ke duba ta, wata mace mai maganar tsanaki, ta zana mana hanya biyu a bayan kati. Ta farko a farke ciki, a yi kusan wata biyu ba taka keke. Ta biyu a yi 'yan huda uku ko huɗu ƙanana, a zura siririyar kyamara, likita na kallon allo tana aiki, cikin mako biyu zuwa uku mutum ya koma sana'arsa. Ta ce irin na Goggo zai yiwu ta hanya ta biyu, kuma na'urar yin aikin tana tafe. Aka rubuta sunan Goggo a layi, ita ce ta goma sha ɗaya.

Wata huɗu da suka wuce aka kira mu a waya, aka ce mu zo da wuri, an zo kanmu. Na yi mamakin yadda ta goma sha ɗaya ta zama ta ɗaya, amma ni ba mai yawan tambaya ba ce. Muka iske asibiti yana warin sabon fenti, an jera tukwanen fure, an kafa rumfuna. Aka kwantar da Goggo a kan zanin gado da ko karin ninkinsa bai baje ba. Wata nas ta manna mata filasta uku a ciki, ba tare da ta ɗaga ido ta dube mu ba. Aka kawo sandar ƙarin ruwa aka tsayar a gefenta. Na bi robar da ido, na ga ta sauka ta shige ƙarƙashin matashin kai, nan ta ƙare. Matashin ne ya sha ruwan.

Can sai ga jiniya. Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, ya shigo da mutum kamar talatin a bayansa. Ya yanke ƙyalle, aka tafa. Ya dafa na'urar kamar mai dafa kan jika, aka tafa. Sannan ya tsaya a kan Goggo, masu hoto suka durƙusa.

"Hajiya, yaya jiki?"

Goggo ta ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe."

To me za ta ce? Kun taɓa jin wanda aka gaida da jiki ya ce babu sauƙi? Kakata tana gargarar mutuwa aka tambaye ta, da sauƙi ta ce. Ni kuwa, mai digiri, ina tsaye a bakin ƙofa rungume da jakar Goggo, bakina a ɗinke. La'asar na yi aka ɓare filastar, aka ce mu je gida za a kira mu. Muna fita na ga na'urar a bayan babbar mota, tsakanin kujerun roba da ƙarafan rumfa.

Kiran bai zo ba, shi ya kai mu wurin mai rajista jiya. Mutum ne mai fara'a, yana zaune a bayan taga da ƙaton littafi. Ya lashi yatsa, ya buɗe, ya bi layi da biro, sai fuskarsa ta washe.

"Ai Hajiya an gama da ke. Ga shi an ja layi. An yi aiki, an sallama."

Goggo ta ce, "Ɗan nan, dubi cikina."

"Kumburin bayan aiki ne, zai saɓe."

Na tattaro duk ƙarfin halin da na yi shekara huɗu ina tarawa a jami'a, na ce, "Malam, ba a yi mata komai ba fa. Ko tabo babu a jikinta."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu bai amfane shi ba.

"Malama, ai amfanin na'urar ke nan. Aikin zamani ne, ba ya barin tabo. Da kin ga tabo, shi ne za ki kawo ƙara."

Ya nuna mana bango. Ga Goggo nan a allo mai tsayin mutum biyu, tana murmushi, Sarkin Almakashi ya sunkuyo a kanta. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ita ce mace ta farko da ta amfana, har da shaidarta da bakinta: da sauƙi.

"Ko ba ke kika faɗa ba, Hajiya?"

"Ni na faɗa."

"To ni in ƙaryata ki?"

Jama'a, mu faɗi gaskiya, an ci gaba. Ƙasashen da suka ƙera na'urar har yanzu sai sun huda mutum sau uku. Mu namu manyan sun kai aikin matakin da ko taɓa majinyaci ba a yi. Babu zafi, babu jinya, babu kuskuren likita, tunda likitar ma ba a sa ta a ciki ba.

Ita likitar muka samu a ofishinta, muka yi mata bayani. Ta ce an tura ta kwas na wata shida don wannan na'urar, kuma tun dawowarta sau ɗaya ta taɓa ta, ranar da aka ce ta tsaya kusa da ita a ɗauki hoto. Na ciro wayata na nuna mata abin da na daɗe ina tarawa ban gaya wa kowa ba: hotuna uku daga jaridu, asibiti uku a gari uku, kowanne ana buɗe sabuwar na'ura. A gefen hagu na kowacce akwai karcewa iri ɗaya, an rufe rabinta da farin salatif.

Likita ta ce, "Kina da ido." Ta miƙo min wayar. "Ita ɗin ce. Ta fi ni yawo."

Sai ta ja fatar idon Goggo ta duba, ta daina murmushi. Ta ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, jira ya ƙare. A tsohon katin ba za ta iya taɓa ta ba, don a takarda mai wannan katin lafiyarta ƙalau. Sai dai a buɗe sabon kati, a ƙara mata jini, jibi a yi aikin da hannu, a farke.

Na san abin da Goggo ke tunani. Wata biyu keke a rufe da zani, masu kawo ɗinki su koma wurin telan bakin titi, wasu ba za su dawo ba. Don gudun wannan ta yi wata da watanni tana jira. Sai ta ɗago ta dubi likita.

"Likita, tabon zai kai ina?"

Likita ta gwada mata da yatsa, daga nan zuwa nan.

"To a farke. Ki yi min shi sosai, wanda ko a duhu aka shafa za a san an yi aiki. Kuma in wani ya zo gaida ni, ke 'yar nan, ke za ki amsa."

Na ce to, Goggo. Tun jiya nake gwada amsar a gaban madubi.

Da muka koma taga buɗe sabon kati, mai rajista har da miƙewa tsaye don murna. Ya ce dama ana neman adadi na rahoton ƙarshen shekara, yanzu mata biyu ke nan suka amfana. Ya tambayi Goggo ko ta san ta farkon, don suna kama.

Idan hanya ta bi da ku ta ƙofar asibitin, ku ɗaga kai ku gaida matar da ke allo. Ita ta warke tun wata huɗu. Wadda za a shiga da ita gobe ce ke buƙatar addu'arku. Na'urar kuma na ji an ce ran Alhamis za a sake buɗe ta a wani gari. Duk wadda aka kira ta da wuri, ta ɗaga matashin kai ta duba.