Namijin Dabinon Ramalan

"...gajiya ta bi lafiya. Kai, mijina, ina za ka da gatari?"

'Yata Bara'atu ce ta tare kakanta, mahaifina Malam Siddiƙ, a bakin garkarmu da ke bayan garin Arlit. Dabino uku ne a wurin. Ɗana Ramalan, Allah ya jiƙansa, shi ya binne ƙwallayensu, duka daga uwa ɗaya. Bana suka nuna kansu: ɗaya ta yi 'ya'ya ja, ɗaya rawaya, na ukun namiji ne.

"Kauce, mummunar mata. Wannan ragon zan sare. Sai shan ruwa, ba haihuwa."

"Af! Ashe yau ranar sare tsofaffin maza ce. Miƙo gatarin, na san wanda zan fara da shi."

"Ni na haifi takwas, 'yar nema!"

"Kaka Zinatu ta haifa. Kai tsayuwa ka yi a gefe kana kaɗa rawani, kamar shi."

"Namiji ɗaya ya ishi garka goma, ga na maƙwabta can. Ruwan garin nan ba na wasa ba ne."

"To cikin takwas ɗin naka, Baba dogo kamar falwaya, Baffa Sabiru kuwa sai ya ɗora tsani ya hau kabu-kabu. Wanne ka sare?"

"Albasa ce ba ta yi halin ruwa ba."

"Wane ruwa? Kai da kunnuwanka kamar faifai, ka raba wa jikoki, ni kaɗai Allah ya tsare."

"Ke hanci aka mance da ke ranar rabo."

Ta tsinko ja da rawaya, ta zuba masa a tafin hannu. Ya tauna wannan, ya tauna wancan da ragowar haƙoransa.

"Ikon Allah. Wannan zuma, wannan garɗi. Uwa ɗaya, rijiya ɗaya, hannu ɗaya ya shuka."

"Shi ma na ukun hannun Ramalan ne ya shuka shi, Kaka," in ji ta, a hankali.

Ya ɗaga kai ya dubi namijin har sama. Sai ya yi dariya, ya sauke gatarin, ya miƙa mata.

"Ungo sadakinki. Amma ruwan namijin nan, abokin kishina, ke za ki riƙa ja."