Ranar da Na Ari Sandar Baba Yohanna

Ko da tsufa ya cinye ni, ba zan taɓa mantawa da zaman sulhun da na jagoranta a Barnawa ba. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa bakinsa dimokuraɗiyya, har mai shayi.

Rigimar famfo ce. Famfo ɗaya ne a layinmu, kullum gidan Hajiya Ladi da gidan Mama Rifkatu sai sun yi cacar baki kan wa zai fara ɗiba. Har maza sun daina gaisawa, maganar ta fara karkata wajen addini, kuma a Kaduna ba a wasa da wannan. Aka ce ni zan sasanta tunda na karanta falsafa a jami'a (ni ne ma na tuna musu).

Muka zauna a kewaye ƙarƙashin mangwaro. Na ce kakanninmu ba sa katse wa juna magana, saboda haka wanda ke riƙe da sanda shi kaɗai zai yi magana. Da yake ban zo da sanda ba, sai na ari ta Baba Yohanna, dattijon da ba ya iya miƙewa sai da ita.

Na fara bayani kan muhimmancin sauraro. Na ɗauko daga masanan Girka, na sauka ƙauyen kakata, na sake komawa Girka. Gaskiya daɗin muryata nake ji. Baba ya ɗaga hannu, na ce, "Haƙuri Baba, doka doka ce." Ya sake ɗagawa, yana mutsu-mutsu a kan benci, gumi na keto masa (ni a zatona maganata ce ke ratsa shi).

Can sai Hajiya Ladi ta fizge sandar daga hannuna ta miƙa masa. Kowa ya zuba masa ido, ana jiran hikimar manya. Baba ya dogara ya miƙe, ya ce, "Ɗana, fitsari nake ji tun zuwanka Girka na farko." Ya tafi da sandar.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya da Mama Rifkatu kuwa dariya suke har da riƙe juna. Kafin Baba ya dawo sun shirya: yau wannan gida ya fara ɗiba, gobe wancan. Na buɗe baki zan yi jawabin rufewa, Mama Rifkatu ta ce, "Oga, ina sandarka?"

Tun daga ranar, in dattijo ya ɗaga hannu a taro, ko a tsakiyar jimla nake, shiru nake yi in ba shi hanya.