Jar Dawar Tsoho a Akwatin Gilashi

Allah Ya yi wa garin nan baiwa da mutum guda wanda ba ya bari mu manta asalinmu, ko kuma dai asalinsa. Shi ne Babban Jika. Shi ya raɗa wa kansa sunan, kuma da yake mai tawali'u ne, bai ƙara komai a kai ba sai "Magajin Fartanya". Tafin hannunsa ya fi kuncin jariri laushi. Takalminsa bai taɓa gaisawa da laka ba. Amma in ya buɗe baki a kan noma, sai ka rantse kana jin ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Kakansa, wanda kowa ke kira Tsoho, mutum ne na gaske, Allah Ya jiƙansa. Ya iso nan lokacin da babu komai sai ƙaya da kukan kura, gatari a kafaɗa, matarsa na biye, da ɗan ɗaurin jar dawa a tsumma. Ya sare daji, ya haƙa rijiya, ya shuka. Dawar gajera ce, ba ta da kyan gani, amma tana da haƙurin mai ita: in ruwa ya ɗauke, sai ta naɗe ganye ta jira. Fara ta zo ta wuce, fari ya zo ya wuce, irin bai yanke ba. Dabarar Tsoho ɗaya ce. Duk girbi yakan zaɓi zangarniyun da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ruwa na sauka, a kwance a mayar wa ƙasa.

'Ya'yansa suka girma da dawar nan, suka watse. Babban ya zama direba, na biye tela, uban Babban Jika kuma akawu. Gonar ta riƙa tsukewa kamar rigar da ta sha wanki, har ya rage ɗan faɗin tabarma goma a bayan tsohon gida. Nan Gwaggo, autar Tsoho, ta ci gaba da shuka da girbi da rataya, ita kaɗai, ba tare da ta taɓa yin jawabi ba.

Jawabi kuwa aikin Babban Jika ne, kuma ba ya wasa da aikinsa.

"Mu jinin noma ne!" in ji shi a kowane taro. "A tsaga jijiyata, ƙasa za a gani. Kakana bai roƙi daji hanya ba, umarni ya ba shi!"

Kurar da Tsoho ya taɓa kora da itacen wuta ta zama zaki a bakin jikan. Shekara na zagayowa ta zama zakuna.

Da ya gama ginin sabon gidansa, sai ya ga falon ya rasa abu guda: shaidar asali. Gatarin Tsoho ya ɓace tuntuni. A lokacin Gwaggo na kwance a asibiti da ciwon ƙafa, sai zumunci ya motsa masa, ya kai ziyara. Ba asibitin ba, madafarta. Ya shiga da hankici a hanci, ya ɗaga kai, ya ga ɗaurin irin baƙi ƙirin da hayaƙi.

"Abin kunya!" ya ce wa direbansa. "Dukiyar tarihi a rataye kamar tsohon takalmi! Sauko da ita."

Aka kira kafinta. Ya goge baƙin tas, ya shafe kowace zangarniya da man da ake sa wa kujera ta yi sheƙi, har shafi biyu, don mai gida ba ya son aikin rowa. Aka kwantar da ita kan jan ƙyalle cikin akwatin gilashi, aka haska mata ƙwan lantarki. Dawar Tsoho ba ta taɓa yin kyau haka ba. Gawa ma takan yi kyau in an gyara ta.

Gwaggo ta fito asibiti ta tarar da igiya kawai a rufi. Ta dogaro sanda har falon, ta zauna a bakin kujera kamar mai tsoron ɓata ta.

"Ɗan nan, ruwa ya sauka. Ba ni irina."

"Gwaggo, wannan ya wuce iri. Ya zama tarihi. So kike a binne shi a ƙasa?"

"To ina ake kai iri in ba ƙasa ba? Na rumbu an sussuke an cinye. Wannan kaɗai ya rage a duniya. Ko zangarniya ɗaya ce, ɗana."

"Kin gani? Abin da ya hana mu ci gaba ke nan, ba mu san darajar kayanmu ba. Ɗaya ta fita, tsarin ya lalace."

Ya sa aka ba ta lemon kwalba mai sanyi, ya ce direba ya mayar da ita gida. Mutum ne mai girmama manya.

Damina ta zo ta wuce, wata ta bi sawunta. Baƙi na shiga falon suna jinjina kai gaban gilashin. Gwaggo kuwa takan hura wuta, hayaƙi ya tashi ya tarar da igiya.

Sai kujerar shugaban ƙungiyar manoma ta zama babu kowa a kai, kuma wa ya fi Magajin Fartanya cancanta? Ana dai buƙatar hoto. Ya sa rana, ya kira ta Ranar Raya Gadon Tsoho. Aka kafa rumfuna a gonar Gwaggo, motoci suka daddale rabinta. Aka buɗe akwatin gilashin, aka ɓanɓaro ƙwayoyin dawar da wuƙa, suna ƙyalli kamar duwatsun wuya. Ya sa farar safar hannu, ya karɓi sabuwar fartanya mai ɗaure da kintinkiri, ya sari ƙasa sau ɗaya, ya nemi ruwan sha. Yaransa suka sassare sauran ramukan, suka zuba ƙwayoyin.

"Yau," in ji shi ta lasifika, "na mayar wa ƙasa amanar da na tsare mata!"

Aka yi tafi har kaji suka gudu.

Bayan an watse, Gwaggo ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana rufewa da diddige, yadda ta ga ubanta na yi. Ruwa ya sauka mai kyau. Kullum da safe takan fita ta duba. Da jira ya yi tsawo, ta durƙusa ta tona rami guda da yatsa. Ga ƙwayar nan lafiya lau, tana sheƙi kamar ranar da kafinta ya gama da ita. Ƙasa ma ta kasa cin ta. Ta tona na biyu, ta tona na uku. Sai ta ƙulle su a bakin zane, ta koma ƙofar madafa ta zauna.

Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Ta tashi kore shar har gwiwa, ganyenta dogaye masu rausaya. A haka Babban Jika ya dawo da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya a bakin gonar, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Kun gani? Ta gane hannun jikanta! Gwaggo, ɗan matsa gefe, kina shiga hoton."

Ta matsa.

Ya ci kujerar, babu hamayya. Irin da ya tsallake fara da fari bai tsallake ƙaunar jika ba. Hoton na nan a falo, daidai inda akwatin yake da: Magajin Fartanya ya buɗe hannuwa a tsakiyar kore, fuskarsa cike da gado. Mu da muke zuwa gaisuwa mukan tsaya gabansa mu yaba, kuma ba ƙarya muke yi ba. Garin nan bai taɓa ganin ciyawa mai asali irin wannan ba.