Alhaji Sai-Na-Zo a Bahar Maliya

Allah ya yi wa Mubi baiwa iri-iri. Ya ba ta duwatsu, ya ba ta kasuwar da ake ci har daga Kamaru da Cadi, sannan don ya cika mata ni'ima sai ya ba ta Alhaji Abdulmumini na Kolere, babban dillalin wake da gyaɗa, wanda gari ya fi sani da Alhaji Sai-Na-Zo. Duk wanda bai taɓa zaman jiran bawan Allahn nan ba, bai zauna a Mubi ba, wucewa kawai ya yi.

Sauran masu hali da mota suke nuna girma, ko da gini. Alhaji ya wuce wannan yarintar, shi da jira yake auna kansa. In an sa ɗaurin aure da hantsi, tun da sassafe ya yi wanka, ya zuba babbar riga, ya fesa turare, ya zauna a falo yana kallon bango. Ba abin da ya riƙe shi, jira yake a aiko. In ɗan aike ya zo, sai ya ce, "Je ka ce ina tafe." In an sake aikowa, sai ya fara neman hula. Sai wani dattijo ya taso da ƙafarsa har ƙofar gida, sannan Agogon Kolere zai miƙe. Liman ya sha rana a kansa, shinkafa ta sha sandarewa a tukunya. Mu kuwa, don rashin zuciya irin tamu, da ya iso sai mu miƙe muna gaisuwar girma irin ta Fulani, "Barkama, an iso lafiya?"

Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne kujerarsa ta shugaban ƙungiyar dillalan hatsi. A kanta yake hukunta mai algus, a kanta yake raba rumfuna, kuma a taronta ne ake yi masa jiran da ya fi kowane daɗi. To sai ga zaɓe ya matso, sai ga ɗan takara. Tizhe ne, mutumin duwatsun Michika, mai sayar da masara, wanda yake da mugun hali guda: in an ce a zo, zuwa yake yi. Wannan bai dami Alhaji ba. Abin da ya hana shi sukuni wani hoto ne da Tizhe ya rataye a rumfarsa, yana tsaye cikin jirgin ruwa a Kalaba. Matasan dillalai suka fara cewa Tizhe ya ga duniya.

"Kwalekwale!" in ji Alhaji a majalisarsa, yana dukan hannun kujera. "Kwalekwalen masunta ne ake ruɗa ku da shi? Ni zan shiga jirgin da yake da bene a kan bene, da kasuwa da masallaci a cikinsa. Daga Jidda zai tashi, ya zaga Bahar Maliya. Zan ci abinci da kyaftin, a ɗauke mu hoto, a buga a fosta. Sannan mu ga wanda ya ga duniya."

Daga ranar Mubi ba ta sake hutawa ba. Zailani tela ya ajiye ɗinkin mutane ya duƙufa kan farin kaftani mai maɓallan ruwan zinare, saboda Alhaji ya ce bai kamata kyaftin ya fi shi kama da kyaftin ba. Da ya ji ana cewa teku na sa jiri, sai ya shiga atisaye: ya sa a ɗora masa kujera a bayan a-kori-kura, a bi da shi hanyar Kolere tsakiyar damina, ramuka na wurgi da shi sama da ƙasa, shi kuwa yana ɗaga wa manoma hannu. Da yamma kuma ya buɗe makarantar teku a ƙofar gida.

"Teku ba mayo ba ne," yake faɗa wa jama'a, mayo kuwa kogi ke nan da Fulatanci. "Mayo kana ganin tsallake. Teku kuwa sai irinmu da muka yi nazarinsa."

Wannan fa mutumin da in kogin Yadzaram ya kawo ruwa, ko gada ba ya yarda ya hau sai ruwan ya janye.

Tafiyar da uwargidansa za a yi, Hajiya Habibat, wadda kowa ke kira Adda, mace mai haƙurin da har ya fara ba mutane tsoro. Ba don ta huta ya ɗauke ta ba, aiki ya ba ta. Ya saya mata sabuwar waya, ya sa ta cikin zauren wasaf na ƙungiya, ya kafa mata doka.

"Duk inda kika gan ni, ki ɗauka ki tura. Kada ki tsaya tambayata. Jama'ata suna da hakkin ganin shugabansu."

"To, Alhaji," in ji Adda.

Ikon Allah, sai duniya ta yi ta ba shi gaskiya. A Yola ya isa filin jirgi a makare, ya tarar jirgin saman ya yi nasa jinkirin, ya dubi Adda ya ce, "Kin gani? Sun samu labari." A Jidda kuma, da aka shiga jirgin ruwan, aka ce kowa ya hallara a koya masa sa rigar ceto. Dokarsu ce ba a tashi sai kowane fasinja ya halarta. Alhaji ya kishingiɗa a ɗaki, aka yi ta cigiyarsa, har wani ma'aikaci ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya raka shi. Ya fito ya tarar da ɗaruruwan mutane, Larabawa da Turawa da Indiyawa, tsaye cikin zafi suna harararsa. Wayyo daɗi! Ya ɗaga musu hannu biyu, Adda ta ɗauka ta tura.

"Jirgin nan yana da tarbiyya," ya ce da ita.

Gaskiya jirgi ya yi jirgi. Abinci a jere kamar kasuwa, kowa ya ɗebi son ransa. Adda ta samu kujera a inuwa tana kallon ruwa, ta ce tun da aka kai ta gidan miji ba ta taɓa cin abincin da ba ita ta tsaya a kansa ba. Alhaji bai zo kallon ruwa ba. Yawo yake bene zuwa bene cikin babbar riga, yana duba aiki, yana gyaɗa wa masu shara kai. Aka sanar da cewa liyafar kyaftin sai an baro zangon farko, wani gari a gaɓar Masar. Ya sa aka goge farin kaftani aka rataye.

Da aka isa zangon, aka faɗa da Larabci, aka faɗa da Turanci, aka maimaita: kowa ya sauka ya sha iska, amma ya dawo kafin la'asar, jirgi ba ya jiran kowa. Suka zaga kasuwa, Adda ta sayi turarenta da dabino. Da lokaci ya gabato, fasinjoji suka kama hanya. Alhaji kuwa ya hango wani mai shayi daura da tasha, inda ake ganin jirgi sosai, ya ja kujera ya zauna.

"Alhaji, sun ce fa ba sa jira," in ji Adda.

"Fasinjoji suka faɗa wa. Ke wuce. In sun tambaya, ki ce ina tafe."

Adda ta wuce. Jirgi ya busa ƙaho, har kofuna suka girgiza a teburi. Alhaji ya yi murmushi, aiken farko ke nan. Can sai lasifika ta ɗauka, ana kiran Abdulmumini, ana sake kira, suna na yawo a kan Bahar Maliya. Kai, ranar Alhaji ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ya dafa ƙirji ya dubi mai shayin, wanda ko sannu bai sani ba da Hausa, ya ce, "Ni ne." Ya sa aka ƙaro masa kofi guda. A lissafinsa saura dattijo, wato kyaftin ya sauko da kansa, ko aƙalla ya turo mataimakinsa.

Yana cikin hura shayi ya ga an janye matakala. Ya ce gyara ta za su yi. Ya ga an kwance igiyoyi. Ya ce juyawa za su yi don ƙofa ta fuskanto shi. Sai ya ga ruwa tsakanin jirgi da ƙasa, ruwan kuma yana faɗi.

Jama'a, ashe Alhaji yana da ƙafafu! Mutumin da tsakanin mota da rumfa sai ya tsaya ya huta, shi ne ya tsallake kujera ya zuba a guje. Babbar riga ta cika da iska, hula ta yi nata wuri, takalmi ɗaya ya ce ba da shi ba. Yana gudu yana ihu da Hausa, da Fulatanci, da ɗan Larabcin da ya tsinto a aikin hajji. Fasinjoji suka cika baranda suna tafi da fito. A cikinsu akwai Adda, waya a hannu. An ce duk inda ta gan shi ta ɗauka ta tura, kada ta tambaya. Ta ɗauka tun daga tsallake kujera har inda ya durƙusa a bakin ruwa yana haki, kuma ana jin muryarta a natse tana cewa, "Ga Alhaji nan, yana tafe." Ko biyayya ce, ko wani abu ne daban, wannan tsakaninta da Mahaliccinta.

Wani jami'in tasha ya zo ya miƙa masa fasfonsa da aka bari, ya nuna masa tashar motar da za ta kai shi filin jirgin sama. Kafin ya kai Jidda ta sama, bidiyo ya gama Mubi, ya shiga Muchalla, ya kai Betso inda sai an hau tudu ake samun sabis. Adda kuwa ta ƙarasa yawonta lafiya lau, ta ci liyafa, ta yi hoto da kyaftin, ta dawo har ta yi ƙiba.

Kada ku ɗauka gwarzon ya karaya. Da suka dawo gida ya tara majalisa ya yi bayani.

"Ni na sallami jirgin. Na ga tsarinsu bai yi mini ba. Gudun da kuka gani, saƙo na manta ban ba kyaftin ba."

Ya kuma kai hoton Adda wurin mai hoto, aka cire kanta aka dasa nasa, aka buga fosta. Aiki ya yi kyau, sai dai an manta da hannun: ga shugaba da gemu da hula, yana gaisawa da kyaftin da hannu mai lalle da awarwaro.

Ranar zaɓe ya yi wanka tun da sassafe, ya sa farin kaftanin da kyaftin bai samu rabon gani ba, ya zauna a falo. Hantsi ya yi, ba ɗan aike. Rana ta take, shiru. Ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya sake leƙawa. Da abin ya ishe shi, ya tashi da kansa, ba aike ba rakiya, ya nufi kasuwa. Ya tarar ana tattara kujeru.

"Barkama, ai mun gama," in ji Baba Mu'azu, dattijon da ya tsufa yana zuwa ɗauko shi. "Tizhe ne."

"Kun gama? Ba a aiko ba!"

"Na tashi zan zo, sai jama'a suka ce in zauna. Suka ce ga jirgi mai bene a kan bene ya tafi ba kai, kuma bai nutse ba. Shi ne muka ce bari mu ma mu gwada."

Alhaji ya juya zai tafi. Sai ga Tizhe ya taho da fara'arsa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Alhaji, kar ka damu, ƙungiya bai manta da kai ba. Mun ba ka muƙami, kuma ba wanda ya yi hamayya."

Alhaji ya ɗan gyara wuyan kaftani. "Uban ƙungiya?"

"A'a, sakataren wasanni. Wallahi duk zaman da muka yi da kai, ba mu san kana da gudu haka ba."