Nomau da Sandar Golf

Ku yaran yanzu, a gaya muku magana sau goma, ta shiga ta nan ta fita ta can. Ku zauna ku ji labarin Nomau maƙwabcina. Wawa ne, ban musa ba, amma bai taɓa zubar da magana ba. Shi ke yankan ciyawa a filin golf na bayan garinmu, inda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma da ciyawar nan matarsa Tabawa ke kiwon awakinta bakwai.

Wata rana Sagir, wani matashi mai baƙin tabarau da ke koya wa alhazai wasan, ya so ya ba su dariya. Ya miƙa wa Nomau tsohuwar sanda, ya ce, "Buga, kuma kada ka ɗaga kai sai na ce." Nomau ya buga. Sagir ya manta da shi, ya tafi Kaduna. Kwana uku Nomau na yawo kai a sunkuye, har mata suka fara shigowa gidan da sallama a sanyaye.

"Tabawa, wa ya rasu?"

"Hankalin maigidana," in ji ta.

Wata rana Sagir ya ce masa, "Bugu ɗaya za ka yi ta maimaitawa, sau ɗari kullum, kada ka canza komai." Nomau ba shi da ƙwallo, sai ya tara goruba. Ya tsaya a gindin turmi ya buga, ta faɗa wa randar Tabawa, ta fasa ta. Aka sayi sabuwa, ya fasa. Aka sayi ta uku.

"Malam, ka ɗan juya mana!" in ji Tabawa.

"An ce kada in canza komai."

Randar aka canza wa wuri.

Wata rana Sagir ya so ya ba ƙanensa aikin ciyawar. A gaban alhazai ya ce su kara, ƙwallo goma goma zuwa tutar da aka kafa can nesa. In Nomau ya faɗi ya bar filin, in ya ci Sagir zai yi masa yankan wata guda. Sagir ya fara, yana bugu yana kallon wa ke kallonsa. Uku suka je kusa, sauran suka shige daji.

Da Nomau ya tsaya, Sagir ya ce da izgili, "Gwani, ai ko ido rufe ka iya!"

Nomau ya rufe ido. Wani alhaji na ajiye masa ƙwallo, yana bugawa. Goman nan suka taru a gindin tuta, faifai ɗaya zai rufe su. Ana ta sowa, shi yana tsaye ido rufe, don ba a ce ya buɗe ba.

Wata guda cur Sagir na shigowa gidan da damin ciyawa a ka, tafin hannu duk ya saɓule. Kullum Tabawa sai ta kwance ta duba.

"Ɗan nan, wannan da ƙaya. Awakina ba sa ci. Koma."