Rasuwar Gwaggo Beryl, da Sunan Wanda Ya Jona Mata Wuta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Marlene Zadow ta garin Mannum, a madadin kaina da abin da ya rage na gidan Zadow, nake sanar da 'yan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Kwamfutoci ta Bakin Kogi rasuwar kwamfutarmu, wadda muke kira Gwaggo Beryl. Rai ya yi halinsa ranar Lahadi da ƙarfe uku da minti goma na yamma, a zauren taronmu, a gaban shaidu goma sha ɗaya. Ta rasu tana da shekara arba'in a duniya. An saba rubuta cewa mamaci ya tafi bayan gajeriyar rashin lafiya, amma ni ba zan yi wa gawa ƙarya ba. Lafiyarta ƙalau ta bar gida. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya kashe ta shi ne sakatarenmu, Neville Quast.

Mahaifinmu ne ya kawo marigayiya daga Adelaide a shekarar 1984, ya ɗora ta a kujerar gaban mota ya ɗaura mata bel, mu kuwa muna baya tare da kare. Mun sa mata sunan gwaggonmu saboda launinta ɗaya da rigar sanyin tsohuwar, kuma ita ma sai ka jira ta minti bakwai kafin ta amsa maka. Duk wanda ya zauna da ita zai shaida haƙurinta. Ba ta taɓa tambayata lambar sirri ba, ba ta taɓa cewa sai an sabunta ta kafin ta yi aiki ba, ba ta taɓa kai gulmata ga wani kamfani ba. Ka sa kaset ɗin wasa a rikodar da ke jone da ita, ka danna, sai ta fara wannan kukan nata, "ƙiiii, tsir-tsir-tsir, ƙiiii," wanda maƙwabta suke cewa yana tsinka musu kunne, ni kuwa ban san muryar da ta fi ta daɗi ba. Shayi ya zube mata sau biyu, kyanwa ta haihu a kwalinta, ba ta riƙe kowa a rai ba.

Shekara ashirin da shida ina rubuta sharhin wasanni a wannan mujalla tamu ta wata-wata, wasa ɗari biyu da goma sha biyu, kuma babu ko ɗaya da ban buga a kanta ba. Haka dokarmu ta farko ta ce: ba a sharhin wasa sai an buga shi a kan kwamfuta ta asali, ba a manhajar kwaikwayo da ake sawa a kwamfutar zamani ba. Neville ne ya rubuta dokar nan da hannunsa, kuma shi ne yake karanto ta ga duk sabon shiga, yana kaɗa yatsa kamar mai wa'azi.

Wasa ɗaya ne ban taɓa yi wa sharhi ba, shi ne Karen Jirgin Fito. Yayana Lyall ne ya ƙirƙire shi a kan marigayiya a 1986, bayan ya tashi daga aikinsa na tuƙa jirgin fiton garin nan. Kai ne kare, aikinka ka kora tumaki ashirin cikin jirgi kafin ya tashi. Mataki goma ne, na tara shi ne na ambaliya, inda kogi yake cin gaɓa tumaki suna watsewa. Kaset arba'in ya yi, ya sayar da goma sha uku, sauran ya raba wa dangi. Sau ɗaya na ga ya haye mataki na tara da idona, kuma kafin na goma ya bayyana ya kashe talabijin ɗin da yake mata allo, ya ce, "Ba kya gani, ƙanwata, sai kin kai da hannunki." Shekara biyar bayan haka mota ta kife da shi a hanyar Murray Bridge, ya rasu. Tun daga ranar da ya kashe talabijin ɗin nan nake gwadawa, har zuwa Lahadin nan ban taɓa hayewa ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya ajiye mini a mataki na goma ba.

A mujallar watan Nuwamba, Neville ya ba wasan yayana maki biyu cikin goma. Ya rubuta cewa mataki na tara ba ya hayuwa, wasan yana daskarewa a nan, kuma mai shi ya sayar wa jama'a aikin da bai gama ba. Mutumin da yake kabari shekara talatin da uku, shi Neville ya ga ya dace ya kira mayaudari, a shafi na biyu, kusa da tallar gasar kek. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Da na share hawaye sai na miƙe a taron Disamba na ce ya ba ni wata biyu, zan haye a gaban kowa, shi kuma ya janye maganarsa a rubuce. Ya ce ya yarda. Wata biyu ni da marigayiya muna fama kullum bayan karin kumallo, yatsuna da suke ciwon gaɓɓai suna kumbura, ita kuma tana ta maimaita kukan tumakin nan nata, "bii-bip, bii-bip," ba ta taɓa gajiya da ni ba.

Yanzu ga bayanin jinyarta ta ƙarshe, wadda ba ta wuce minti arba'in ba. Kowa a ƙungiyar nan ya san akwatin wutar da irin waɗannan kwamfutoci suke zuwa da shi, wanda muke kira bulo. Kowa ya san idan ya tsufa ya ɗau zafi, wuta yake turawa fiye da kima, ya soya cikin kwamfuta ba sallama. Shi ya sa na jefar da nata tuntuni na saya mata sabo. Na shimfiɗa kayana a tebur ke nan, ga zafin Fabrairu fanka ɗaya ce take aiki, sai ga Neville ya fito da wani bulo daga jakarsa, ƙura har a igiyarsa.

"Haba Marlene," in ji shi, "da wannan abin zamanin za ki yi mana? Ai doka ta ce asali. In asali ne, to har wutar."

Na ce, "Neville, bulon nan ya girmi aurenka. Ka auna wutarsa da mita?"

"Yau da safe. Ko dai kin fara neman hanyar gudu ne, 'yar gidan Zadow?"

Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta ci ni, kuma wannan laifin nawa ne, zan ɗauke shi har kabarina. Na bar shi ya jona.

Marigayiya ta tashi lafiya, ta yi kukanta na minti bakwai, muka fara. Na wuce takwas ba tare da na rasa tunkiya ko ɗaya ba. A na tara ruwa ya taso, na riƙe sandar wasa da nake juya karen da ita gam. Na kora goma sha tara, ta ashirin ta yi gefen ruwa kamar yadda ta saba yi mini shekara talatin da takwas, na zagaya ta baya na yi mata haushi, ta faɗa jirgi. Jirgi ya tashi. Mutum goma sha ɗaya suka miƙe tsaye. Allo ya yi baƙi, lamba goma ta fito a tsakiya, sai marigayiya ta saki wani sauti da ban taɓa jin ta yi ba, "zzzt," siriri, kamar mai neman gafara. Haruffa suka tarwatse a allo, hayaƙi ya fito ta ramukan bayanta, 'yar jar fitilarta ta mutu. Na taɓa bulon, ya ƙona mini tafin hannu.

Ina Neville yake a lokacin? Yana waje wajen gashi, yana jiran a juya masa naman soseji. Ya shigo da burodi a hannu, albasa a gemu, ya leƙa allon ya ce, "Ash, Allah Sarki. To amma ni ban gani ba, kuma ai ba a kai ƙarshe ba. Maki biyu yana nan."

Ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka zo mini ta'aziyya, musamman Glenys, matar Neville, wadda ta zo ranar Talata da kek na ayaba. Tana zuba shayi ta ce, "Ƙawata, ni fa abin bai ba ni mamaki ba. Haka kwamfutar mijina ta yi hayaƙi shekara shida da suka wuce, da wannan bulon dai. Tana sito ƙarƙashin injin yankan ciyawa." Na ajiye kofina na ce, to a kan me yake buga wasannin da yake sharhi? Ta ce, "A 'yar kwamfutar cinyarsa mana, yana kwance a kujera." Na tambaye ta ko zan iya rubuta wannan. Ta ce, "Rubuta, har da sunana. Shekara shida nake cewa ya kwashe mini tarkacen nan."

Saboda haka wasan yayana bai taɓa daskarewa ba. Manhajar kwaikwayon Neville ce ta kasa ɗaukar aikin Lyall, shi kuma ya ɗora laifin a kan mamaci. Na ƙirga sharhin da ya rubuta cikin shekara shidan nan, sittin da uku ne, kowanne ya rufe shi da cewa ya buga a kan kwamfutarsa ta asali. Ban yafe ba, kuma kada wanda ya zo mini da maganar a yi haƙuri, domin na auna haƙurina da mita, babu wuta a ciki.

Marigayiya ta rasu ta bar rikoda ɗaya da ta zama bazawara, da talabijin mai ƙaton baya wanda yanzu ba shi da abin nunawa, da sandar wasa biyu, ɗaya gurguwa, da kaset ɗari biyu da goma sha uku marayu. Ta bar ni.

Za a yi jana'izarta ranar Lahadi ta farko a watan Maris, da ƙarfe biyu na rana, a zauren da ta cika. Likkafaninta shafukan sharhin nan sittin da uku ne, na riga na yanke su da almakashi, kuma za a karanta dokar farko a kansu kafin a naɗe ta. Neville Quast ne zai karanta, tunda ya fi kowa iya kaɗa yatsa. Shi ne kuma zai ɗauki gawa zuwa mota, da bulonsa rataye a wuya. Glenys ta yi alkawarin kawo gawar tasa kwamfutar daga sito, a jera su, kowa ya gani. Ba za a kunna wutar gashi ba sai an gama.

Kada a kawo furanni. Duk wanda yake da irin marigayiya mai rai, ya taimaka ya zo da ita, da sabuwar wutarta, da mita. Kaset ɗin Lyall bai ƙone ba. Zan fara daga mataki na ɗaya, ko da yatsuna za su tsage, kuma an ajiye wa Neville kujera a gaba, daf da allo, da alƙalami da farar takarda. Ba zai tashi ba, ba zai waiwaya ba, sai ya ga abin da yayana ya ajiye mini a mataki na goma, ya rubuta sunansa daidai, ya nemi gafararsa.