Gayya Ba Ta da Ciyaman

Jama'a, ku taya ni jaje. Shekaranjiya ni da Haladu ɗan acaɓa muka yi wankan da ba mu shirya ba a kwazazzabon da ya raba ƙauyenmu da hanyar Basirka. Babur gefe, mu gefe. Hular da na saya don Sallah ta bi ruwa, ina jin yanzu ta kusa Gwaram. Da na ɗago kai daga cikin taɓo, me zan gani? Fuskar Mai Girma Garkuwan Talakawa a jikin wani ƙaton allon ƙarfe, yana yi mini murmushi. A ƙasan hoton an rubuta "Aikin Gada". Na ce ranka ya daɗe, mun gode, ga mu a ƙarƙashinta.

Wannan kwazazzabo ba baƙo ba ne, da shi muka tashi. Ba wani faɗi gare shi ba, amma duk damina sai ya cinye hanya. Maganinsa tun kaka da kakanni gayya ce. Ruwa na ja baya sai a buga ganga da sassafe, maza su fito da fartanya da kwando, a jido duwatsu a cike ramin, Inna Mairama ta dama kunun tsamiya a tukunyar biki. Kafin azahar mota ta wuce. Ba a taɓa yanke ƙyalle ba, ba a taɓa jawabi ba.

Bana sai alheri ya faɗo mana. Wata gidauniya mai taimakon al'umma ta turo wakiliyarta, Sylvia, yarinya mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaida dattawa. Ta ce suna tallafa wa masu yi wa garinsu aiki, kuma gayyarmu ta burge ta. Sai ta dubi maƙwabcina Malam Abdulsalami, manomin kankana.

"Baba, wane ne ciyaman ɗinku?"

"Ciyaman na me, 'yata?"

"Na gayyar."

"To, ai ganga ce. In ta kira mu fito."

Ta yi dariya, sannan ta ce dokar gidansu ba ta san ganga ba, sai ƙungiya mai rajista, mai ofis, mai shugaba. Kafin ƙurar motarta ta kwanta, labari ya isa Birnin Kudu. Mai Girma, wanda rabonsa da garinmu tun lokacin neman ƙuri'a, ya haifi ƙungiya da haƙoranta: Ƙungiyar Gayya ta Zamani. Shi ne shugaba, ƙaninsa ma'aji, direbansa wakilin matasa. Aka ba kura ajiyar nama, aka tafa.

Kada in ci haƙƙinsa, bawan Allah ya yi aiki. An yi taron ƙara wa juna sani a otal, inda aka koya wa mutanen birni yadda ake ɗaukar dutse. An raba riguna masu hotonsa. Aka kuma kawo mana wannan allo, tubarkalla, gefensa da ƙafafunsa duk bututun ƙarfe, tsawonsa ya fi ɗakina. Siminti kuwa an ce yana hanya, motar ce ke layin mai.

Abin da ya ƙona mini rai, wallahi, ba cin da aka yi ba ne, wannan mun saba. Ruwa ya ja baya, aka buga ganga kamar kullum, shiru kake ji. Sada mai shayi ya faɗa a fili: "An biya wani, ni kuma in karya bayana a kan kunu? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski." Wa zai ce ya yi ƙarya? Inna Mairama ta dama kunu, ya wuni, ya kwana, ta juye wa awaki. Abin da fari da yunwa suka kasa kashewa, taimako ya kashe shi a damina ɗaya.

Ita kuwa kankanar Malam Abdulsalami ba ta san ana jiran siminti ba. Ta nuna, har ta fara fashewa a gona, kuma da ita yake ciyar da gidansa shekara guda. Ranar da na sha taɓo motar 'yan sari ta zo ta tsaya a tsallake. Direba ya leƙa ramin, ya ce shi ba jirgin sama ya tuƙo ba, in gobe ba a fito masa da kaya ba zai ƙara gaba. Na tarar da Malam Abdulsalami zaune a bakin gonarsa, yana ƙirga kankanar da ta fashe. Na ji kamar in yi kuka.

Jiya da safe muna tsaitsaye a bakin ramin muna sana'ar da muka koya daga manya, wato kallo, sai ga Inna Mairama. Ta dubi ramin, ta dubi allon.

"Wai wannan ƙarfen ba da sunanmu aka karɓo shi ba?"

Muka ce da sunanmu ne, Inna.

"To me yake yi a tsaye? Ku kwantar da shi."

Wayyo, jama'a! Sada ne ya fara ɗauko diga. Aka tuge allo, aka gicciya shi a kan ramin, aka danne da duwatsu. Ya zauna daram, sai ka ce an gwada. Haladu ya ce a kifa shi don kada a ci mutuncin babba. Inna ta ce, "A'a, bar shi ya ga aikinsa." Babu wanda ya aika wa makaɗi, da kansa ya rugo da ganga. Baro da acaɓa suka yi ta jigila, kafin la'asar mota ta cika da kankana. Malam Abdulsalami ya riƙe hannun Inna Mairama yana ta yi mata addu'a.

Saboda haka masu cewa Mai Girma bai tsinana mana komai ba, ku ji tsoron Allah. Tun da aka ba mu jiha ban taɓa ganin babba ya kwanta talaka ya bi ta kansa ba sai jiya, kuma har yanzu murmushi yake. Roƙona ɗaya ga 'yarmu Sylvia: in za a ƙara tallafi baɗi, don Allah a ƙara wa allon faɗi, ko mota ma ta samu ta wuce.